Minti 13 a Filin Saukar Asibiti: Nazarin Yadda Mai Ya Ƙare wa Jirgin Ɗaukar Marasa Lafiya

Ranar Juma'a 26 ga Agusta 2011, da ƙarfe 6:41 na yamma, wani jirgi mai saukar ungulu na ɗaukar marasa lafiya ya faɗi a wani fili kusa da garin Mosby, a jihar Missouri ta Amurka. Mutum huɗu ne a ciki: matuƙi, nas, ma'aikacin agajin gaggawa, da majinyaciyar da suka ɗauko. Babu wanda ya tsira. Rana ba ta faɗi ba tukuna, gari garau yake, ba hazo ba hadari. Injin ma lafiyarsa ƙalau. Mai ne ya ƙare musu, saura ƙasa da kilomita 2 su isa filin jirgin da suka nufa don shan mai.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wato NTSB, ta yi kusan wata 20 tana bin diddigin lamarin. Ga yadda abin ya tafi daga safiyar ranar har zuwa gyare-gyaren da suka biyo baya. Sunan matuƙin da na kamfanin ba za su ƙara wa mai karatu komai ba, don haka an bar su.

Aikin, jirgin da matuƙin

A Amurka yawancin jiragen ɗaukar marasa lafiya na kamfanoni ne masu zaman kansu. Kamfani yakan ajiye jirgi a ƙaramin sansani, da matuƙi ɗaya da ma'aikatan jinya biyu, suna jiran kira. Wani kiran na wurin haɗari ne, wani kuma na ɗauke majinyaci daga ƙaramin asibiti zuwa babba. Matuƙi shi kaɗai ne a gaba, ba shi da mataimaki. Shekarar 2008 ta yi wa wannan aiki muni sosai wajen asarar rayuka, har NTSB ta yi zaman sauraron jama'a na kwana 4 a kansa a Fabrairu 2009.

Jirgin da ake magana samfurin Eurocopter AS350 B2 ne, mai inji ɗaya da babbar farfela mai fukafukai 3. Tankinsa na cin lita 540, kuma yana shan kimanin lita 180 a awa. Sansaninsa a garin St. Joseph yake. Al'adar sansanin ita ce a bar jirgin da ke bakin aiki da kashi 70 cikin 100 na tanki, wanda ya isa tafiyar awa 2. Ba a cika tanki fal a irin wannan aiki saboda nauyi, domin dole a bar wa majinyaci da kayan jinya wuri a lissafi.

Dokar ƙasar a kan mai a fili take. Jirgi mai saukar ungulu da ke tafiyar gani da ido, wato matuƙi na ganin hanyarsa da idonsa ba dogaro da na'urori kaɗai ba, ba zai tashi ba sai yana da man da zai kai shi masauki, da rarar minti 20 a kai.

Kamfanin na da ofisoshi biyu da ke bibiyar jiragensa. Na farko cibiyar sadarwa ce: ita ke karɓar kiran asibiti, ta sanar da matuƙi, ta rubuta lokacin tashi da sauka da yawan man da matuƙi ya faɗa. Ma'aikatanta ba su da hurumin yanke shawara a kan tashi ko fasawa. Na biyu cibiyar kula da zirga-zirga ce, mai aiki dare da rana, inda ake da mutanen da suka san harkar tuƙi. Kamfanin bai shimfiɗa wata doka da ta wajabta sanar da cibiya ta biyu idan aka samu matsalar mai ba.

Matuƙin tsohon matuƙin soja ne, yana da sama da awa 2,000 a sama. Bai cika shekara 1 a kamfanin ba.

Daga 6:30 na safe zuwa la'asar

Jirage biyu ne a sansanin a ranar. Ɗaya yana bakin aiki da mansa cikakke bisa al'ada. Ɗayan, wanda daga baya ya faɗi, an yi ta amfani da shi ne wajen horar da matuƙa tuƙin dare da tabarau na ganin duhu. An gama horon, aka bar shi da kimanin rabin man da aka saba, na tafiyar awa 1. Tsarin ranar shi ne a kwashe kayan jinya daga jirgin farko a mayar cikin na biyu, ya koma shi ne a bakin aiki.

Matuƙin ya karɓi aiki wajen 6:30 na safe. Wanda ya kwana a bakin aiki ya shaida wa masu bincike cewa ya gaya masa jirgi na biyu na buƙatar mai kafin a fara aiki da shi. Barcin da matuƙin ya samu a daren bai wuce awa 5 ba.

Da rana makaniki da ma'aikatan jinya suka sauya kayan. Ƙa'idar kamfani ita ce matuƙi ya zagaya jirgi ya duba shi, ya kunna wuta ya karanta gejin mai, ya sa hannu a takarda. Bincike ya nuna bai cika wannan dubawa ba. Ba a zuba mai ba. Bayanan wayarsa sun nuna ya yi ta musayar saƙonnin tes na harkar kansa tsawon yini, har da lokacin da ake shirya jirgin.

Wajen 5:30 na yamma: tashin farko

Kira ya shigo wajen 5:20. Za a ɗauko majinyaciya daga asibitin garin Bethany a kai ta asibitin garin Liberty. Cikin 'yan mintoci jirgi ya tashi da mutum uku.

Kafin kowane tashi akwai jerin abubuwan da ake tabbatarwa, kuma yawan mai na ciki. Bayan tashi kuma matuƙi yakan kira cibiyar sadarwa ta rediyo ya faɗi yawan mutane da yawan mai. Ya kira, ya ce yana da man awa 2. Gejin na gabansa a allon tuƙi, kuma bincike ya tabbatar yana aiki daidai. Man awa 1 ne a tankin. Adadin da ya faɗa shi ne adadin da aka saba faɗa kullum daga wannan sansani.

NTSB ta ƙirga wurare uku da ya kamata a gano ƙarancin: lokacin duba jirgi da rana, lokacin tabbatarwa kafin tashi, da lokacin wannan rahoto na rediyo. Duka ukun sun wuce. A kan hanyar Bethany ne ya lura.

Daga 5:58 zuwa 6:11: a ƙasa, a Bethany

Jirgi ya sauka a filin asibitin da 5:58. Ma'aikatan jinya suka shiga ciki don shirya majinyaciya. Matuƙi ya kashe inji, ya ɗauki waya ya kira cibiyar sadarwa. Ya ce man da ke jirgin bai kai yadda ya zata ba, ba zai kai shi Liberty ba, a nemo masa inda zai sha mai.

A wannan lokaci jirgi na ƙasa, inji a kashe, majinyaciya na kan gadon asibiti ƙarƙashin kulawar likitoci. Man da ya rage na kimanin minti 30 ne.

Su biyun suka shiga neman filin jirgi mai sayar da man Jet-A, irin wanda injin ke sha. A kan hanyar Liberty guda ɗaya suka samu, wanda ke Mosby. Daga Bethany zuwa asibitin Liberty kimanin kilomita 115 ne, tafiyar minti 34. Zuwa Mosby kimanin kilomita 107, tafiyar minti 32. Bambancin minti 2 ne kacal. Aka tsayar da shawara a kan Mosby: a sha mai a can da majinyaciya a ciki, sannan a ƙarasa ragowar kilomita 13.

A duk tsawon wannan waya matuƙin bai faɗi yawan man da ya rage ba, ma'aikacin sadarwan kuma bai tambaya ba. Babu wanda ya kawo zancen a fasa tafiyar, a kawo mai da mota, majinyaciya kuma a nema mata wani jirgin ko motar asibiti. Ba a kira cibiyar kula da zirga-zirga ba. Bayanan waya sun nuna akwai saƙon tes da ya gifta a tsakiyar wannan tattaunawa.

Da 6:11 jirgi ya tashi da mutum huɗu. Matuƙin ya kira ta rediyo ya ce yana da man minti 45. Aka rubuta. Ko da adadin gaskiya ne, idan aka cire 32 daga 45 saura 13, doka kuma 20 ta ce. Abin da tafiyar ke buƙata bisa doka shi ne man minti 52.

Daga 6:11 zuwa 6:41: a sama

Tafiyar ta bi ta kan gonaki da filayen kiwo, da hasken rana, jirgi na gudun sama da kilomita 200 a awa, bai yi nisa da ƙasa ba. A wannan samfuri akwai fitilar gargaɗi da ke kamawa idan mai ya sauka zuwa kimanin lita 60, abin da bai kai tafiyar minti 20 ba. Ke nan wani babban ɓangare na tafiyar an yi shi ne fitila na kunne, allurar geji na gangarawa zuwa sifili.

A farkon wannan zango ma an yi musayar saƙonni, duk da kamfanin ya hana matuƙa taɓa wayarsu a sama. Amma babu shaidar cewa yana kan waya lokacin da injin ya mutu.

Bai sauka a ko ɗaya daga filayen da ya wuce ba. NTSB ta ce mai yiwuwa matsin da ya ɗora wa kansa ne ya sa idonsa ya kafe a kan filin Mosby. Minti 30 bayan tashi, daidai da man da ke tankin, inji ya mutu.

Daƙiƙun ƙarshe

Mutuwar inji ba ta nufin jirgi mai saukar ungulu zai faɗo kamar dutse. Akwai wani kulochi tsakanin inji da farfela da ke sakin farfelar ta ci gaba da juyawa ita kaɗai. Yayin da jirgi ke gangarowa, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta bi ta cikin fukafukan ita ke juya su, matuƙi kuma ya yi amfani da ƙarfin juyin ya sassauta saukar daf da ƙasa. Wannan ita ce sauka ba inji, kuma babu matuƙin da ke samun lasisi bai koye ta ba.

Sharaɗinta ɗaya ne: kada juyin farfela ya faɗi. A wannan jirgi farfela na juyawa kimanin sau 390 a minti. Idan ya sauka ƙasa da 360 ƙararrawa na kaɗawa, kuma 320 ne iyakar ƙasa da aka yarda da ita idan babu inji. Da zarar inji ya ɗauke, farfela na fara mutuwa kamar fanka idan an ɗauke wuta, sai dai ita da sauri ƙwarai, domin fukafukanta na karkace suna kokawa da iska. Idan juyin ya faɗi fiye da kima, ba ya dawowa.

Tarkacen ya nuna jirgin ya daki ƙasa hancinsa a sunkuye da kimanin digiri 40, yana gangarowa da sauri, farfela na juyawa a hankali. Gobara ba ta tashi ba. Jirgin ba shi da na'urar naɗar murya ko ta bayanan tafiya, kuma doka ba ta wajabta masa su ba a lokacin.

2011 zuwa 2013: abin da gwaji ya nuna

Masu bincike sun shiga na'urar kwaikwayon tuƙi ta wannan samfuri, suka saita gudu da tsayi irin na ranar, suka yi ta kashe inji suna gwada hanyoyi daban-daban. A nan ne aka ga abin da ke aiki da wanda ba ya aiki.

Matuƙi na da sanda biyu da feda biyu. Ta hannun hagu, kolektif, ita ke ƙara ko rage karkatar fukafukai gaba ɗaya, wato hawa da sauka. Ta tsakiyar gwiwoyi, saiklik, ita ke karkata jirgi gaba, baya ko gefe. Fedojin kuma su ke juya hancin jirgi hagu ko dama. Abin da aka fi nanata wa ɗalibai shi ne: inji ya mutu, sauke kolektif. Littafin koyarwa na hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, FAA, shi ma a kan haka ya fi ba da ƙarfi a lokacin.

A na'urar, sauke kolektif shi kaɗai bai wadatar ba a gudun tafiya. Jirgin da ke gudu farfelarsa a karkace take gaba, iska na shigar ta daga sama. Idan aka sauke kolektif kawai, hanci na ƙara sunkuyawa, iskar da ake buƙata daga ƙasa ba ta samu ba, juyi ya ci gaba da faɗuwa. Cikin daƙiƙa kaɗan jirgi ya kai ƙasa a yanayi mai kama da wanda aka gani a Mosby. Abin da ya yi aiki shi ne a yi abu uku tare: a ja saiklik baya, a sauke kolektif, a taka fedar hagu. Jan saiklik baya na ɗaga hanci, iska ta koma bi ta ƙarƙashin farfela, gudun jirgin ya zama ƙarfin juya ta. Fedar hagu kuma domin farfelar wannan samfuri na juyawa ne ta hannun agogo, don haka hanci na kaucewa dama idan ƙarfin inji ya ɗauke. Duk wanda ya yi ukun a kan lokaci ya samu ya shiga saukar lafiya. Lokacin da ake da shi kimanin daƙiƙa 2 ne.

Sai aka duba horon da matuƙin ya samu a wannan jirgi. Ya yi atisayen sauka ba inji kamar kowa, amma a gudun da bai kai na tafiya ba, kuma ba a yanayin da ya yi kama da mutuwar inji ta gaske ba. A atisaye ɗalibi ya san abin na zuwa, hannunsa na shirye, farfela ba ta faɗuwa yadda take yi idan mai ya yanke bagatatan. Ba a yin ainihin gwajin a jirgi na gaske saboda haɗarinsa, shi ya sa sai a na'ura.

Ranar 9 ga Afrilu 2013 hukumar ta zauna ta fitar da matsayarta. Ta ɗora musabbabin a kan abu uku: rashin tabbatar da mai kafin tashin farko, yanke shawarar tashi na biyu bayan ya san man ya yi ƙasa sosai, da kasa shiga sauka ba inji. Ta kuma lissafa abu huɗu da suka taimaka: saƙonnin tes, gajiya, rashin dokar kamfani ta sanar da cibiyar kula da zirga-zirga, da giɓin horo. Game da dalilin tashi na biyu, ta ce mai yiwuwa ya so ya kauce wa jinkiri ne da abin da ka iya biyo bayan fasa aikin.

2013 zuwa gaba: gyare-gyare

NTSB ta fitar da gargaɗi ga matuƙa a kan su kashe na'urorinsu tun daga lokacin shirin tafiya. Ta nemi FAA ta gyara bayanin shiga sauka ba inji a littafinta, aka kuma gyara, aka fito da muhimmancin jan saiklik baya. Kamfanin shi ma ya karkata ga horar da matuƙansa a na'urar kwaikwayo.

A Fabrairu 2014 FAA ta fitar da babbar doka a kan jiragen ɗaukar marasa lafiya. Ba wannan haɗari ne ya haife ta ba, tun Oktoba 2010 aka gabatar da daftarinta, amma ta taɓa raunukan da ya bayyana. Ta wajabta cike takardar auna haɗari kafin tafiya, wadda ta haɗa da buƙatar mai, gajiyar ma'aikata, yanayi, da ko wani kamfani ya riga ya ƙi wannan tafiyar. Idan makin haɗari ya wuce iyaka, sai an samu amincewar shugabanni. Kamfanin da ke da jirage 10 ko fiye dole ya kafa cibiyar kula da zirga-zirga da ma'aikata masu horo, waɗanda za su tantance abin da matuƙi ya cike. Dokar ta kuma kawo na'urar gargaɗin kusantar ƙasa da ta naɗar bayanan tafiya.

A 2013 ne kuma Matt Zuccaro, shugaban ƙungiyar masu jirage masu saukar ungulu ta duniya a lokacin, ya yi rubutun da ya zama tushen wani gangami a shekarar da ta biyo, mai kira ga matuƙi ya sauka ya rayu. Hujjarsa ita ce wannan jirgi na iya sauka kusan ko'ina, amma matuƙa na mutuwa saboda mai ko yanayi suna shawagi a kan filayen da za su iya sauka.

Abin da lamarin ke nunawa

Jaridu sun fi riƙe zancen tes, domin shi ne sabo a lokacin. Gaskiya ne ya taka rawa, kuma ba na rage masa nauyi. Wanda hankalinsa ke cikin wata hira ba ya zagaya jirgi da zuciya ɗaya, kuma ɓarnar waya ba ta tsaya ga daƙiƙun da ido ke kan allonta ba, tunani na nan yana jiran amsa. Matuƙin da ya kashe wayarsa tun daga duba jirgi har farfela ta tsaya ya toshe wannan ƙofa gaba ɗaya. Amma a ganina, wanda ya tsaya a kan waya kaɗai ya bar mafi nauyin darasin a baya.

Kuskuren farko na mantuwa ne, kuma irin wanda ke samun ƙwararru. Mutum ya yi barcin awa 5, an gaya masa abu da safe, an yi awa 11 kafin a buƙace shi, an sauya jirgi a tsakani. Bakinsa ya faɗi awa 2 domin abin da ya saba faɗa ke nan. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma a wannan aiki turke ne da ke kama mai wayo ma. Maganinsa ɗabi'a ce ƙarama: adadin da za ka faɗa a rediyo ka karanto shi daga geji a lokacin da kake faɗa, ka ɗora yatsa a kai, kada ka ɗauko shi daga ka. Saƙon da aka ba ka da safe kuma ka rubuta shi ka rataye a inda hannunka zai taɓa kafin ka tayar da inji. Duk ranar da aka sauya jirgi, a ɗauke shi baƙo, a duba shi daga farko.

Sai dai wannan kuskure bai kashe kowa ba. Jirgi ya sauka Bethany lafiya da 5:58. A nan komai ya tsaya cik, kuma duk hanyoyin tsira a buɗe suke. Abin da za a yi asara shi ne lokaci, kuɗin tafiya ɗaya, da ɗan mutuncin sabon ma'aikaci da zai ce ya tashi bai duba mai ba. Ina ganin wannan na ƙarshen shi ne ya fi nauyi a ma'auninsa, kuma ba na faɗin haka don zarginsa. Duk wanda ya taɓa zama sabo a wurin aiki ya san yadda kunya ke sa mutum ya nemi gyara ɓarnarsa a ɓoye. Ya faɗi rabin gaskiya: akwai matsala. Ya riƙe rabin da ke da amfani: minti 30. Da aka rasa adadin, sai hirar ta koma ta neman gidan mai, alhali tambayar da ke gabansu ita ce a tashi ko kada a tashi. Bambancin minti 2 tsakanin Liberty da Mosby kaɗai ya isa ya nuna ba a warware komai ba. Man da bai isa tafiyar minti 34 ba, ba zai wadatar da ta minti 32 ba.

Shi ya sa nake ganin gyaran da ya fi muhimmanci shi ne na sanya mutum na biyu mai sanin aiki a kan waya. Ma'aikacin sadarwa ya yi abin da aka roƙe shi, ya nemo mai. Wanda ya san tuƙi tambayarsa ta farko ita ce nawa ne a geji, sannan ya cire 32 daga amsar. Ba wai ya fi matuƙin ilimi ba ne. Shi dai bai gaji irin gajiyarsa ba, ba shi da kuskuren da yake ɓoyewa, kuma ba ya ganin ana turo majinyaciya a kan gado ana nufo jirgi. Irin wannan mutum ne zai iya cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya kuma ɗauke wa matuƙi rabin nauyin faɗin hakan. Amma ba zai yi amfani ba sai an kira shi, kuma ba za a kira shi ba sai kamfani ya nuna a aikace cewa wanda ya kira ya ce na yi kuskure, ina ƙasa, ba zai fuskanci wulaƙanci ba. Matuƙa na lura da yadda aka karɓi na farkon da ya yi haka, kuma da shi suke auna nasu.

A sama ma ƙofa ba ta rufe ba sai a daƙiƙar ƙarshe. Fitilar mai ta kama, filaye na ƙasa, inji na aiki. Saukar da aka yi da inji mai rai a gona, sauka ce ta yau da kullum, abin da zai biyo baya bayani ne da takardu. Matsalar ita ce kowane minti da ya wuce filin Mosby na ƙara kusantowa, zuciya kuma na ƙara cewa saura kaɗan. Don haka ba a barin wannan shawara sai an hau sama. Tun a ƙasa matuƙi ke yanke wa kansa cewa idan fitilar nan ta kama, ko allura ta kai wuri kaza, zan sauka a fili mafi kusa ko da ina hangen masaukina. Ya kuma faɗa wa ma'aikatan jinya, domin su ma rayukansu na ciki, kuma a wannan aiki an san ƙa'idar cewa sai duka ukun sun yarda ake tafiya, ɗaya kuma ya isa ya hana.

Game da daƙiƙa 2 na ƙarshe, ba na jin adalci ne a auna mutum da abin da ba a taɓa nuna masa ba. Hannu ba ya yin abin da bai saba ba idan abu ya zo ba zato. Wanda ke tuƙa jirgi mai inji ɗaya yana da haƙƙin a kai shi na'urar kwaikwayo a kashe masa inji a cikakken gudu, ba tare da sanarwa ba, har jan saiklik baya ya zama abin da hannu ke yi da kansa. Tsayi ma na da nasa rabo: wanda ya san mansa na shakka kuma yana tafiya kusa da ƙasa ya rage wa kansa lokacin gyara da zaɓin wurin sauka.

Akwai giɓin da dokokin 2014 suka bari. Wajabcin cibiyar kula da zirga-zirga ya tsaya ne a kan masu jirage 10 ko fiye. Wata doka daban da FAA ta fitar a wannan watan na Fabrairu, wadda ta hana matuƙa amfani da na'urorinsu don harkar kansu a ɗakin tuƙi, ta shafi manyan kamfanonin jiragen fasinja da kaya ne, ba ta haɗa da irin wannan aiki ba. Matuƙin ƙaramin kamfani, ko wanda ke aiki a ƙasar da ba ta da irin waɗannan dokoki, sai ya nemi mutum na biyun da kansa: babban matuƙin kamfani ko wani abokin aiki da suka yi alkawari tun kafin ranar, wanda zai ɗaga waya a kowane lokaci, ya fara da tambayar adadin da ke kan geji.